Kujerar yaro a mota: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Idan haihuwa ta matso a gidan mai mota, lissafin da ake yi sananne ne: gadon jariri, bahon wanka, tawul da shawul, kayan sawa, itacen wankan jego, sai kuma ragon suna da ke hana maigida barci. Da wuya ka ji an sa kujerar mota a wannan jerin. Ranar da aka sallami mai jego daga asibiti, kaka ko gwaggo ce ke rungumo jaririn, a buɗe mata gidan gaba don girmamawa, maigida ya ja mota a hankali yana kauce wa ramuka. Kowa a motar nan gani yake an ba yaron wurin da ya fi ko'ina aminci. A wajen masu nazarin haɗurra kuwa, da ƙyar a samu wurin da ya kai wannan hatsari a cikin mota.

Dalilin ba ya buƙatar dogon turanci. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, idan ta daki abin da ba ya motsi, tsayawarta kan kammala kafin ƙiftawar ido. Duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da wannan gudun har sai ya samu abin da zai tare shi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ɗan lokacin, yaro mai kilo 10 kan fizgi hannun mai riƙe da shi da ƙarfin da ya kai na kilo 200 zuwa 300. Babu hannun da ke riƙe wannan. Idan uwar ba ta sa bel ba, ita ma gaba za ta yi, ta matse yaron tsakaninta da gaban mota. Idan kuma ta zagaya bel ɗaya da ita da shi, kamar yadda wasu ke yi da kyakkyawar niyya, nauyinta ne zai danne shi a jikin bel ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗurran ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ya fi ko'ina asara. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka kuma ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaure daidai tana rage yiwuwar mutuwar jariri da kashi 71 cikin 100, ta yaro mai shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54. Saboda haka maganar ko kujerar na da amfani an gama ta. Abin da ya rage shi ne wace iri, kuma a nan mai saye ke ruɗewa, domin mai shago zai nuna masa launi da taushin soso da wurin ajiye kwalbar madara, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu da ke aiki a ranar karo.

Abu na farko, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi, shi ne inda yaron ke fuskanta. A farkon shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama-jannatin Amurka ke kwanciya rigingine lokacin tashin kumbo, domin ƙarfin fizgar ya bazu a duk faɗin bayansu. Ya ga cewa karon gaba-da-gaba irin wannan fizgar ce, sai dai daga gaba take zuwa. A 1964 ya fito da samfurin kujerar yaro mai kallon baya, aka gwada ta tare da kamfanin Volvo. Har yau Suwidin na cikin ƙasashen da yara suka fi ƙarancin mutuwa a mota, kuma al'adar iyaye a can ita ce yaro ya zauna yana kallon baya har ya kai wajen shekara 4.

Jikin yaron ne ya sa haka. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, na babban mutum kuwa wajen kashi 6 cikin 100 ne kawai. Ƙasusuwan wuyan da ke ɗauke da wannan babban kai ba su gama ƙwari ba. Galibinsu guringuntsi ne mai miƙewa. Lakar da ke cikinsu kuwa ba ta miƙewa haka. Idan yaro yana fuskantar gaba aka yi karo, igiyoyin kujera za su riƙe ƙirji da kafaɗu, kai kuma ya wuce gaba da dukan nauyinsa, wuya ya miƙe fiye da abin da laka za ta jure. Idan yana fuskantar baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke lumewa cikin ƙoƙon kujerar. Kowace mace a ƙasar Hausa ta san abin da ake gaya wa yarinyar da aka miƙa wa sabon jinjiri: "Tallafe masa wuya." Aikin kujera mai kallon baya ke nan, tafin hannu ne a ƙeya, wanda ba ya saki komai ƙarfin fizga.

Dokokin ƙasashe sun bi wannan sawu sannu a hankali. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ake yi wa laƙabi da i-Size kuma ta fara aiki a 2013, ta hana a juya yaro gaba kafin ya cika wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2011 a bari sai shekara 2, sannan a 2018 ta cire ƙayyade shekaru ta ce a ci gaba har sai yaron ya kai iyakar tsayi ko nauyin da kujerar ta yarda. Wata 15 ɗin nan mafi ƙaranci ne da doka ta amince da shi, ba ranar buki ba ce da za a yi ɗokin zuwanta. Ƙorafin da iyaye suka fi yi shi ne ƙafafun yaro sun tokare da jinginar mota. Yaro ɗan shekara biyu yana tanƙwashe ƙafa ya zauna a tabarma tsawon yini ba ya ƙorafi, kuma ko da ƙafar za ta karye, akwai ɗori. Wuya ba shi da mai ɗori. Mai son ganin fuskar ɗansa kuma, akwai ƙaramin madubi marar fashewa da ake ɗaurawa a matashin kujerar baya.

Kujerun kansu hawa uku ne. Akwai ta jarirai mai marfin hannu kamar kwando, wadda ke kallon baya kawai, kuma yawancinsu suna ɗaukar yaro har kilo 13. Akwai babba mai igiyoyi biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi, wadda ake iya ɗaurawa tana kallon baya sannan daga bisani a juya ta. Irin na Turai galibi suna kaiwa kilo 18 ko tsayin santimita 105, wasu kuma har kilo 25. Sai ta ƙarin tsayi, wadda ba ta da igiyar kanta, ɗaga yaro kawai take yi domin bel ɗin mota ya zauna masa daidai. Da ma'auni da tef ɗin tela ake sanin lokacin canji, ba da ranar haihuwa ba. A kujerar jarirai, in saman kan yaro ya rage bai fi santimita 2 zuwa 3 ya kai bakin kujerar ba, ta yi masa kaɗan ko da nauyinsa bai cika ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya sayen uku ba, shawarata ita ce babbar nan mai ɗaukar yaro daga haihuwa zuwa wajen shekara 4 tana kallon baya, muddin tana da matashin jarirai na asali da kamfani ya haɗo da ita. A gidan da ake haihuwa bi-da-bi, ƙanne ma za su gaje ta.

Kafin a yi maganar farashi, a kifa kujerar a duba ƙarƙashinta da bayanta. Wadda aka gwada bisa ƙa'idar Turai tana da takarda mai ruwan lemo a manne. A jikinta za a ga R129 ko R44/04, sai da'ira mai harafin E da lamba a ciki, lambar ƙasar da ta ba da izini: 1 Jamus ce, 2 Faransa, 4 Holan, 11 Birtaniya. Za a ga kuma iyakar tsayi ko nauyin yaro. R44 ita ce tsohuwar ƙa'ida mai rarraba yara da kilo, kuma ba ta tilasta gwajin bugu daga gefe ba. R129 ta tilasta. Tun Satumban 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a shagunan Tarayyar Turai, ko da yake ba a hana amfani da waɗanda ke hannun mutane ba. Mai R44/04 ba abar yarwa ba ce. Mai 01 ko 02 a ƙarshe kuwa ta tsufa ƙwarai, a bar ta. Kujerar Amurka ba ta da takardar lemo. Farar takarda ce mai bayanin cewa ta cika ƙa'idojin tarayya na lafiyar motoci, tare da lambar samfuri da ranar ƙira. Ƙa'idar tasu ita ce FMVSS 213.

Abin da ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan takardu, wasan yara ne da aka yi wa siffar kujera. Mafi muni su ne waɗansu na yadi da soso zalla, marasa ƙoƙon roba, da ake tallatawa a intanet da arha, ana rataya su a jikin kujerar mota da siraran igiyoyi. A gwajin karo ɗinkinsu ke fara yagewa. Araha ba ta ado, amma wannan ta wuce rashin ado, domin tana sa uwa ta saki jiki tana zaton ɗanta a ɗaure yake.

Sai maganar gwanjo, wadda ba za a kauce mata ba, tunda yawancin kujerun da ke yawo a kasuwanninmu da ita suka shigo, a cikin kwantenar da ta kawo kekunan yara da jakunkunan makaranta. Masana a Turai da Amurka suna cewa kada a sayi kujerar da ba a san tarihinta ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Kujerar da ta taɓa shiga babban haɗari ta gama aikinta: robar na iya samun tsagar da ido ba ya gani, farin soson nan mai tauri da ke shanye bugu ya murƙushe, igiyoyi su miƙe. Mai gwanjo bai san wannan ba, shi ma dila ya buɗe. Ga kuma tsufa. Kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, suna ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, kuma sukan buga ranar a jikin robar. Zafi da hasken rana suna busar da roba ta zama mai saurin karyewa, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba.

To amma gaskiya ɗaya ce: wanda sabuwar kujera ta fi ƙarfin albashinsa, zaɓin da ke gabansa shi ne gwanjo ko cinya, kuma gwanjon da aka bincika da kyau ya fi cinya nesa ba kusa ba. Mafi kyawun hannu na biyu ita ce ta ɗan'uwa ko abokin da zai rantse maka ba ta taɓa haɗari ba. In kasuwa ce dole, a zare rigar kujerar gaba ɗaya a gaban mai kaya, kada a ji kunya. A ɗaga robar a hasken rana a nemi tsaga ko farin zane irin wanda roba ke yi in an lanƙwasa ta. A duba soson tauri ko ya karye ko an liƙa shi da gam. A bi igiyoyi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. In akwai zaizaya, ko ɗinkin da ba na kamfani ba, a ajiye. A sa maɓallin tsakiya a cire sau da yawa, a ji yana cewa ƙas, kuma ba ya buɗewa in an fizga. A ja igiyar matsewa a ga tana kamawa ba ta sulɓewa. Da lambar samfurin da ke jikin takardar ana samun littafin bayanin kujerar a shafin kamfanin, har a gano ko an taɓa janye irinta daga kasuwa. Igiyar da ta lalace ba a kai wa baduku ya ɗinka wata.

Kujera mai kyau da ba ta dace da motarka ba, asarar kuɗi ce, shi ya sa ya kamata a je kasuwa da motar. A cusa hannu a tsakanin mazauni da jinginar kujerar baya. In an taɓo wasu ƙananan sandunan ƙarfe guda biyu, motar tana da maƙalan da Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH. Motocin Amurka da aka ƙera daga Satumban 2002 suna da su, wato galibin Camry da Corolla da Accord da Sienna da suka cika titunan Kano da Kaduna. A Turai sai 2014 aka wajabta su a kan duk sabuwar mota, don haka tsohuwar Golf ko Peugeot 406 ba lallai a same su ba. Rashinsu ba matsala ba ce, domin bel ɗin mota yana riƙe kujera da ƙarfi in an bi da shi ta hanyar da aka zana a jikinta. Fa'idar maƙalan ita ce kuskure ya fi wuya da su. Akwai wani bambanci da ke ruɗa mutane. Bel ɗin fasinja a motocin Amurka daga 1996 yana kullewa: a yawancinsu, in ka jawo shi har ƙarshe ka sake shi a hankali, za ka ji yana ƙas-ƙas yana komawa, ba zai ƙara fitowa ba, kuma yawancin kujerun Amurka da wannan kullewar suka dogara. Bel ɗin motocin Turai galibi ba ya yin haka, kujerunsu ne ke zuwa da abin matse bel. Wanda ya haɗa kujerar Amurka da motar Turai sai ya tabbatar tana da nata makullin.

Kuma a duba bel ɗin kansa. Tun 2003 ake kama direbobi a Nijeriya kan rashin sa bel, amma na gaba ake kulawa da shi. Na baya sau da yawa yana can binne ƙarƙashin rigar kujera tun ranar da aka sayi motar. Motoci da dama kuma sun yi haɗari a ƙasashensu kafin a kawo su a gyara, bel ɗinsu ya riga ya ƙage ko ya saki.

Bayan an ɗaure, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa a girgiza ta hagu da dama, gaba da baya. In ta gusa fiye da santimita 2.5, a kwance a sake, a danna ta da gwiwa ko da nauyin jiki lokacin jan bel. Mai kallon gaba tana da igiya ta uku a sama wadda ake maƙalawa a bayan kujerar mota ko a but, kuma ita ce aka fi mantawa, alhali tana rage tafiyar kan yaro zuwa gaba da santimita 10 zuwa 15. Wasu na Turai ƙafa gare su mai tokare ƙasan mota a maimakon igiyar. Ba mu kaɗai ke kuskure ba: binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ya gano kusan kashi 46 cikin 100 na kujerun da aka duba an yi musu kuskuren da ke rage amfaninsu, a ƙasar da jihar Tennessee ta fara dokar kujerar yara tun 1978.

Wurin kujerar kuwa baya ne. Jakar iskar da ke gaban fasinja tana fashewa da gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, kuma in ta tarar da kujera mai kallon baya, bayan kan jariri take duka kai tsaye. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta daɗe tana cewa yaron da bai kai shekara 12 ba ya zauna a baya. Yaron da ke tsaye tsakanin kujerun gaba yana riƙe da kafaɗar babansa, ko wanda aka ɗora a cinya ana koya masa sitiyari ranar Sallah, ba sai an yi bayaninsu ba.

Ɗaure yaron kansa ma akwai inda al'adarmu ke karo da shi. Muna naɗe jariri da shawul mai kauri ko da a bazara, balle da hunturu. In aka ja igiya a kan tulin kaya, ido zai ga ta matse, amma a lokacin karo kayan za su lotse, igiyar ta yi sako-sako, yaro ya sulɓe. A sa shi da kaya marasa kauri, a ɗaure, sannan a lulluɓa shawul a kan igiyoyin. A gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗa da yatsa biyu. In ta naɗu, ba ta matsu ba. Ga mai kallon baya, igiya ta fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Ga mai kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama. Maɓallin ƙirji na kujerun Amurka daidai hamata yake zama, ba a kan ciki ba. Sabon jariri kuma a kishingiɗe ake son sa, kusan rabin kwance, domin in kujerar ta miƙe da yawa kansa zai faɗo, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya ƙuntata ba tare da ya yi kuka ba. Saboda wannan ne ake ba da shawarar kada jariri ya wuce awa biyu a ciki ba a fito da shi ba, kuma bakwaini a tuntuɓi likita tukuna. Daga Kano zuwa Abuja ke nan sai an tsaya a hanya, a ba shi nono mota na tsaye, ba tana gudu ba. In an isa gida a mayar da shi shimfiɗarsa.

A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma ƙarfen maɓallin kujerar da ta yini a rana yana ƙona fatar jariri. Farin tawul da aka yafa mata in an faka ya wadatar, a kuma taɓa da bayan hannu kafin a sa yaro. Cikin rufaffiyar mota zafi kan ƙaru da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Yaron da ke kallon baya in ya yi barci ba a ganinsa, ba a jinsa. A riƙa ajiye waya ko jaka kusa da shi, domin dole a buɗe ƙofar baya.

Hawan da aka fi tsallakewa shi ne na uku. Yaro ya shekara biyar, ya iya surutu, sai a ɗauka ya isa bel ɗin manya. Bel kuwa an auna shi ne da jikin babba. A jikin ƙaramin yaro, na ƙasa ciki yake hawa maimakon ƙashin ƙugu, na sama kuma ya bi ta wuya, yaro ya gaji ya tura shi bayansa ko ƙarƙashin hamata. In aka yi karo, bel ɗin kan yanki hanji ko saifa, ya lanƙwasa ƙashin baya. Kujerar ƙarin tsayi tana rage mummunan rauni ga 'yan shekara 4 zuwa 8 da kusan kashi 45 cikin 100 in aka kwatanta da bel kaɗai, ga shi ita ce mafi arha a cikin ukun. Birtaniya ta ce a yi amfani da ita har yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12, Jamus ta ce 150. Mai jingina da kariyar kai ta fi wadda take matashi zalla, kuma dukansu bel mai ratsa kafaɗa suke buƙata.

Duk wannan an tsara shi ne da iyali mai 'ya'ya biyu a zuci, mu kuwa mota mai kujera biyar takan kwashi mutum tara zuwa gidan biki. In kujera ɗaya ce a gidan, ƙaramin cikinsu ne mai ita. Sauran su zauna a baya, kowa da bel ɗinsa, kada a haɗa biyu a bel ɗaya, kada a zuba yara a but. In wurin bai isa ba, sawu biyu ya fi. Mai shiga motar haya da jariri ta nemi baya, ta sa nata bel in akwai, ta kwance goyo kafin ta zauna. Kujerar jarirai mai marfin hannu ma tana ɗauruwa da bel cikin minti ɗaya a tasi ga wadda ta saba. A gidaje da yawa kuma wanda ya sayi kujerar ba shi ke kai yara makaranta ba. Direba ko ƙanin maigida ko mai reno ne ke ɗaure su kowace safiya, cikin sauri, an makara. Su ma a tsaya da su a jikin motar, a nuna musu, a sa su ɗaure da hannunsu a gani, a kuma gaya musu cewa ko zuwa bakin layi ne sai an ɗaure.